Kwaɗon da Aka Ƙera Sau Biyu

Ranar 18 ga Disamba 1997, a wani taron masana lissafi a garin Cirencester na Ingila, wani ma'aikacin gwamnati mai suna Clifford Cocks ya faɗi maganar da ya shekara ashirin da huɗu yana riƙe da ita a ciki. Ya ce dabarar ɓoye saƙo da duniya ta sani da sunan wasu malaman Amurka, wadda bankuna da intanet suka jingina da ita, an riga an gano ta a asirce a ma'aikatarsu ta GCHQ, hukumar sauraren sirrin sadarwa ta Birtaniya da ke Cheltenham. Mutumin da ya fara hango ta, James Ellis, bai ji wannan jawabi ba. Ya rasu ranar 25 ga Nuwamba, saura mako uku da 'yan kwanaki a ambaci sunansa a bainar jama'a.

Na daɗe ina juya wannan labari. Da farko tambayata ɗaya ce, wa ya riga wani. Da na bi sawu sai ta haifi wata da ta fi ta nauyi, wadda ta shafi wayar da ke aljihunka yau.

Mu fara da matsalar kanta. Duk wanda ya yi zaurance yana yaro ya san sharaɗinsa: sai kun haɗu da abokinka tukuna kun yarda da gaɓar da za ku riƙa cusawa cikin kalmomi. In ba a yi wannan ganawa ba, babu sirri. Haka rubutun sirri ya kasance shekaru dubbai. Mabuɗin da ya kulle saƙo shi ke buɗe shi, saboda haka dole a kai wa ɗaya ɓangaren mabuɗin ta hannun amintaccen ɗan aike. Ga rundunar soja mai dubban tashoshin rediyo, rabon mabuɗai kaɗai ya zama jidali mai cin kuɗi da mutane, kuma ɗan aike guda ya isa ya tona kowa.

Maganin da aka samo ya yi kama da kwaɗon ƙofar shago. Kowa na iya danna shi ya kulle, amma mai ɗan makulli kaɗai ke buɗewa. Sai ka raba kwaɗunanka a buɗe ga duk mai son aiko maka saƙo, ka riƙe ɗan makullin a wurinka. Abin da ya rage shi ne a samo lissafin da zai yi aikin kwaɗo, mai sauƙin shiga, mai wuyar fita.

Labarin da aka koyar a makarantu har 1997 ya ce Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford ne suka buga wannan tunani a Nuwamba 1976, sannan a 1977 Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na MIT suka ƙera kwaɗon, wanda ake kira RSA daga haruffan farko na sunayensu. Ga shi a ƙarami, ka gwada da biro. Ɗauki lambobi biyu da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, a ce 5 da 11. Ninka su, 55. Ka shelanta 55 da kuma 3. Mai son aiko maka 7 sai ya yi 7 sau 7 sau 7, ya sami 343, ya raba da 55, ya aiko maka ragowar, wato 13. Kai da ka san 5 da 11 kana iya fitar da lambar sirri, 27. In ka ninka 13 da kanta har sau 27 kana riƙe ragowa kawai, 7 za ta dawo. Na yi shi a bayan ambulan, ya fita daidai. Maƙiyi yana ganin 55 da 3 da 13, kuma hanyar da aka sani ta kai wa ga 27 ita ce ya fasa 55. Wannan wasan yara ne. Amma lambar da ake amfani da ita a zahiri tana da alƙaluma 617, kuma mafi girman irinta da aka fasa a fili, a 2020, alƙaluma 250 gare ta.

To ga abin da Cheltenham ta ce. Ellis, injiniya ne da aka ɗora wa matsalar rabon mabuɗai, ya ci karo da wani rahoton kamfanin Bell na Amurka da aka rubuta a 1944, lokacin yaƙi. A tarihin da ya rubuta wa ma'aikatarsu a 1987, ya ce bai san marubucinsa ba. Shawarar rahoton ita ce, in ana son kare magana a layin tarho, mai karɓa ya riƙa zuba ƙara a kan layin. Mai satar ji zai ji shuu kawai, shi kuwa mai karɓa, da yake ya san irin ƙarar da ya zuba, sai ya cire ta, murya ta fito. Babu wani mabuɗi da aka raba. Daga nan Ellis ya gane cewa mai karɓa na iya sa hannu a ɓoye saƙon da ba a ma aiko ba tukuna. A Janairu 1970 ya rubuta takarda yana nuna cewa abin mai yiwuwa ne, sai dai bai da lissafin da zai aiwatar da shi.

Shekara uku masanan hukumar suna kokawa. A 1973 Cocks ya kama aiki, sabon ɗan makaranta da ya karanci ilimin lambobi a Cambridge da Oxford. Wani na gaba da shi, Nick Patterson, ya ba shi labarin matsalar. Bisa faɗarsa, da yamma a masaukinsa ya warware ta cikin kamar rabin awa, kuma da ka, domin doka ta hana rubuta aikin ofis a gida. Takardarsa na ɗauke da kwanan wata 20 ga Nuwamba 1973, kuma in ka cire ɗan bambanci, RSA ce. Abokinsa tun na sakandare a Manchester, Malcolm Williamson, ya zauna neman kuskure a ciki, maimakon haka sai ya faɗa kan dabarar musayar mabuɗi irin ta Diffie da Hellman a 1974.

Wajibi ne mai bincike ya tsaya nan ya yi tambaya mara daɗi. Hujjar duk daga gida ɗaya ta fito. Hukumar da ta yi iƙirarin ita ta saki takardun, ita ta zaɓi lokacin, kuma sana'arta ɓoye gaskiya. Me zai hana a ce an gyara tarihi ne bayan RSA ta yi suna? Na auna wannan zato, ban ga ya tsaya da ƙafarsa ba. Diffie ya ji raɗe-raɗin tun kafin 1997, har ya je Cheltenham a 1982 ya gana da Ellis, kuma ko da yake Ellis bai fito fili ya faɗa ba, Diffie ya dawo da yaƙinin cewa maganar gaskiya ce. Wanda za a rage wa daraja ke nan, kuma shi ya gaskata. Ban da haka, takardun suna da irin gurguntakar da mai ƙirƙirar ƙarya ba zai bari ba. Ba su hango sa hannu na lantarki ba, wanda shi ne rabin amfanin dabarar, kuma hukumar ba ta yi wani abin kirki da ita ba a lokacin, domin kwamfutocin zamanin ba su da ƙarfin ɗaukarta.

Zato na biyu shi ne akasin wannan: ko sirrin ya zurara daga Cheltenham zuwa Stanford? Shekara shida tsakanin takardar Ellis da ta Diffie, huɗu tsakanin Cocks da RSA. Biri ya yi kama da mutum. Amma sawun Amurkawan a bayyane yake, har da tuntuɓensu. Ralph Merkle, yana ɗalibi a Berkeley a 1974, ya kawo wani salo nasa na wannan tunani, malaminsa ya ƙi karɓa, mujalla ma ta yi ta jan ƙafa. Rivest da Shamir sun yi ta kawo dabaru, Adleman yana rushe su ɗaya bayan ɗaya, kafin su dace. Wanda aka raɗa wa amsa ba ya irin wannan wahala. Kuma a Yuli 1977 wani ma'aikacin NSA, takwarar GCHQ a Amurka, mai suna Joseph Meyer, ya rubuta wa ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE yana gargaɗin cewa buga irin wannan bincike na iya saɓa dokar fitar da makamai. Gidan da ke son toshe magana da wuya a ce shi ya kwarmata ta.

Zato na uku ne ya fi ba ni wahala, kuma shi ne ya kai ni bango. An ruwaito Bobby Inman, shugaban NSA daga 1977 zuwa 1981, yana cewa hukumarsa ta gano dabarar shekara goma kafin Diffie da Hellman. Wannan ya mayar da mu tsakiyar shekarun 1960, kafin Ellis ma. Wasu tsofaffin ma'aikata sun nuna yatsa ga wani umarnin Shugaba Kennedy na Yuni 1962, mai lamba 160, wanda ya ce a sa makullai a makaman nukiliyar Amurka da ke Turai don kada wani ya harba su ba da izini ba. Akwai hikima a zaton, domin irin wannan makulli na bukatar na'urar da za ta tantance umarni ba tare da ta iya ƙirƙirarsa ba. Wani mai bincike, Matt Blaze, ya nemo takardar daga ɗakin adana tarihin Kennedy, tare da bayanin da mai ba shugaban shawara kan kimiyya, Jerome Wiesner, ya haɗa mata, Steven Bellovin kuma ya yi nazarinsu. Abin da aka saki bai ambaci mabuɗin da ake shelantawa ba ko sau ɗaya. Mai yiwuwa Inman aikin Ellis yake nufi, tunda hukumomin biyu suna musayar sirri, sai dai daga 1970 zuwa 1976 ba shekara goma ba ce. Ko dai ya yi ƙari a lissafi, ko kuwa akwai takardar da har yau ke cikin sanduƙi. NSA ba ta fito da irin abin da GCHQ ta fitar ba, kuma shirun nata yana iya ɗaukar fassara biyun duka.

In aka ƙara tonawa baya, ana samun wasu sawaye. A 1874 masanin tattalin arziki William Stanley Jevons ya kawo lamba 8,616,460,799 a wani littafinsa, yana ganin da wuya wani ban da shi ya san lambobi biyun da suka haife ta. Amsar ita ce 89,681 sau 96,079, kuma Derrick Lehmer ya buga ta a 1903. Wasu na kiran Jevons kakan RSA. Ni ban yarda ba. Ya ga ƙofa mai sauƙin shiga da wuyar fita, amma bai ga yadda za a bar wa mai gida taga ba, tagar kuwa ita ce dabarar.

Wasiƙun masanin lissafi John Nash sun fi jan hankalina. A 1955 ya rubuta wa NSA da hannunsa, yana tallata wata na'urar ɓoye saƙo da ya tsara. Hukumar ta ce ba ta bukata, ta kuma ajiye wasiƙun fiye da shekara hamsin kafin a baje su a 2012. A ciki ya yi hasashen cewa a kyakkyawan tsari, duk ɗan ƙarin tsawon mabuɗi yana ninka wahalar mai fasawa ninkin-ba-ninkin. Ya kuma ce ba zai iya kawo hujjar hakan ba, kuma ba ya sa ran za a kawo. Har yau ba a kawo ba. Babu wanda ya tabbatar da hujjar lissafi cewa fasa babbar lamba abu ne mai wuya. Abin da muke da shi kawai shi ne an daɗe ana gwadawa a fili ana kasawa. Kalmar "a fili" ita ce ta mayar da tambayata ta farko ta zama ta biyu: in an taɓa riga jami'o'i da shekara huɗu zuwa shida a ƙera kwaɗo, da shekara nawa ake iya riga su a ɓalle shi?

Tarihi ya ba da amsa biyu masu karo da juna. A shekarun 1970 NSA ta sa hannu a tsarin ɓoye saƙo na DES da IBM ta ƙera, aka rage tsawon mabuɗinsa, aka kuma sauya wasu jadawalai na cikinsa ba tare da bayani ba. Shekara goma sha biyar ana zargin an dasa ƙofar baya. A 1990 Eli Biham da Shamir suka gano wata sabuwar hanyar kai hari, sai suka tarar jadawalan DES kamar an tsara su ne don jure mata. A 1994 Don Coppersmith na IBM ya tabbatar cewa sun san harin tun 1974, aka ce su yi shiru. A nan sirrin ya kare jama'a, ko da yake gajeren mabuɗin ya kashe tsarin daga baya. Amma a 2006 hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta amince da wani injin fitar da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi mai suna Dual EC, wanda masu bincike biyu na Microsoft suka nuna a 2007 cewa yana iya ɗauke da ƙofar baya. Takardun sirrin da Edward Snowden ya fallasa a 2013 suka ƙarfafa zargin cewa NSA ce ta dasa ta, aka janye shi a 2014. Gida ɗaya ne, hali biyu.

Sai batun kwantom. A 1994, shekara hamsin cif bayan rahoton ƙarar nan, kuma a ɗakunan binciken Bell ɗin dai, Peter Shor ya nuna yadda kwamfutar kwantom za ta fasa manyan lambobi cikin sauri. Asirin yana cikin zagaye. Ɗauki 15, ka riƙa ninka 2 kana riƙe ragowa: 2, 4, 8, 1, sai kuma 2, 4, 8, 1. Zagayen taki huɗu ne. Rabinsa biyu, 2 sau 2 huɗu, cire ɗaya ka sami 3, ƙara ɗaya ka sami 5. An fasa 15. Ga lamba mai alƙaluma 617, zagayen ya fi ƙarfin a bi shi taki-taki, amma gano tsawon zagaye shi ne ainihin abin da na'urar kwantom ta ƙware a kai. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awai, domin dabarar Diffie da Hellman da wata ta lissafin lanƙwasassun layuka da ta biyo baya duk zagaye ne a ƙarƙashinsu. Ba a nuna wa duniya na'urar da ta kai wannan ƙarfi ba tukuna. Sai dai wanda ya naɗi saƙonka yau yana iya ajiye shi har ranar da za ta samu.

Da aka shiga neman lissafin da ba shi da zagaye, sai ga ƙara ta dawo. A 1978 Robert McEliece ya kawo tsarin da mai aikawa ke zuba kurakurai a saƙo da gangan, mai karɓa kaɗai ke da dabarar gyara su. An yi watsi da shi saboda girman mabuɗinsa, wanda a sabon salonsa mafi ƙanƙanta ya kai bayit 261,120, amma fiye da shekara arba'in ba a karya shi ba. A 2005 Oded Regev ya kawo wata matsala mai kama da ta 'yan aji biyu na sakandare. In na ce maka biyun wata lamba da ɗayan wata sun ba da 11, ɗayan ta farko da huɗun ta biyu sun ba da 23, nan take za ka ce 3 da 5. In na ɗan gurɓata amsoshin na ce "wajen 12" da "wajen 22", na kuma mayar da lambobin da ake nema ɗaruruwa, ana riƙe ragowa kawai, sai hanyar makaranta ta rushe, domin kowane taki yana kumbura kuskuren. A kan dangin wannan matsala aka gina ML-KEM, ƙa'idar da NIST ta fitar a Agusta 2024 bayan gasar da ta buɗe a 2016. Tana aiki da ragowar rabawa da 3329, matsakaicin mabuɗinta bayit 1,184.

Na so ƙwarai in ja zare daga 1944 zuwa 2024, in ce ƙarar Bell ce ta yi jika. Ban sami abin kamawa ba. McEliece ya fito ne daga ilimin gyara kurakuran saƙon jiragen sararin samaniya, Regev daga aikin Miklós Ajtai na 1996 kan ɗigogin da aka jera kamar ramukan shuka a fili mai fuskoki ɗaruruwa. Kuma a rahoton Bell mai karɓa ne ke zuba ƙarar a layi, a wurin McEliece mai aikawa ne. Kama ce ta tunani, babu nasaba da za a iya nunawa.

Abin da ya maimaitu da gaske shi ne halin Cheltenham. A 2014 masananta uku, Peter Campbell da Michael Groves da Dan Shepherd, suka bayyana cewa tun 2007 sun ƙera wani tsari mai suna Soliloquy a kan irin waɗannan ɗigogi, daga baya suka gano harin kwantom da ke karya shi, suka jingine shi. Wannan karon shekara bakwai aka yi, ba ashirin da bakwai irin na takardar Ellis ba, kuma gargaɗin ya amfani masu bincike. Harin ya dogara da wata siffa ta musamman da mabuɗin Soliloquy ke da ita, ba a nuna ya shafi ML-KEM ba. Amma ya tabbatar da cewa ana aikin a ɗaki rufe.

A Agusta 2015 NSA ta ba da sanarwar da ta girgiza masana. Ta ce waɗanda ba su koma tsarin lanƙwasassun layuka ba kada su kashe kuɗi a kai, su shirya wa tsarin da zai jure wa kwantom. Shekara goma tana tallata waɗannan layuka. Neal Koblitz, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro su a 1985, da Alfred Menezes suka zauna suka jera dalilan da ka iya sa haka. Ko hukumar ta kusa samun kwamfutar kwantom? Takardun Snowden sun nuna shiri na dala miliyan 79.7 da ya haɗa da wannan buri, kuɗin da bai yi kama da na wanda ya kusa isa ba. Ko ta gano rauni a layukan? Ko ta san lagon sababbin tsare-tsaren ne take kora mutane can? Ko kuwa neman wanke suna ne kawai bayan abin kunyar Dual EC? Sun auna kowanne, ba su yanke hukunci ba. Ni na fi karkata ga bayani mafi sauƙi, cewa sauya makullan gwamnati na cin shekara ashirin, mai hankali kuma da wuri yake farawa. Amma karkata ce kawai.

Abin da ake iya gani a fili ma ya isa ya hana barci. A 2022 tsarin SIKE, wanda ya kai zagaye na huɗu a gasar NIST, ya faɗi cikin kamar awa ɗaya a kan kwamfuta ta gida, hannun Wouter Castryck da Thomas Decru na Jami'ar Leuven a Beljiyam. Makamin da suka yi amfani da shi wata ƙa'ida ce da Ernst Kani ya buga tun 1997, tana kwance a mujalla shekara ashirin da biyar ba wanda ya haɗa ta da wannan kwaɗo. A Afrilu 2024 kuma Yilei Chen na Jami'ar Tsinghua ya fitar da takarda yana cewa ya sami hanyar kwantom ta warware wani nau'i na matsalar Regev. Kwana takwas ko tara masana a ko'ina suna bin ta layi-layi, har Hongxun Wu da Thomas Vidick, kowa a nasa ɓangaren, suka gano kuskure a mataki na tara. Chen ya amsa kuskuren, ya ce bai san yadda zai gyara shi ba, ya kuma bar takardar a inda take domin wani ya amfana da sauran dabarun da ke ciki. Wata huɗu bayan haka aka sa hannu a kan ML-KEM.